Shan Inna Ta Tafi, Guragu Suna Nan: Ina Aka Baro Binciken Elisha Renne?

Yau sai ku yi mini afuwa, domin ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ba kuma rikicin kishiyoyi ba. Magana ce a kan wata Baturiya mai bincike da littafin da ta rubuta a kanmu, da kuma wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: idan malaman jami'a suka ce aikin wance ya yi tasiri, shin a wurin wa ya yi tasirin?

Sunan matar Elisha Renne. Ba'amurkiya ce, ta yi shekaru tana koyar da ilimin nazarin al'adun jama'a a Jami'ar Mishigan. Da harkar saƙa ta fara, don littafinta na 1995 a kan tufafin saƙi ne na mutanen Bunu da ke Jihar Kogi ta yanzu. Daga baya ta mai da Zariya wurin zuwanta, tana shiga gidaje tana hira da mata. A 2006 ta buga maƙala a kan dalilan da suka sa mutanen Zariya ke ƙin ɗigon rigakafin shan inna, a wata mujallar masana mai suna Social Science and Medicine. A 2010 kuma maɗaba'ar Jami'ar Indiyana ta fitar da littafinta, The Politics of Polio in Northern Nigeria, wato siyasar shan inna a Arewacin Najeriya. Ɗan yayana da ke karatu a Jami'ar Bayero ne ya kawo mini shi, na kuwa karanta shi da ƙamus a gefe, don Turancin sakandare ba ya hawa kowane dutse sai da sanda.

Shi yaron nan ne ya yi mini bayanin yadda suke auna mutum a jami'a. Wai akwai wani shafi a intanet mai suna Google Scholar, inda ake ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci aikinka a cikin nasu rubutun. Wanda aka fi ambato shi ne gwani, da shi ake ƙarin girma, da shi ake zama farfesa. Na ce masa ashe ku ma kuna da irin namu, don mu a da da yawan bugu ake gane littafin da ya ci kasuwa, a ce an yi masa bugu na biyar, na shida. To amma mu aƙalla mun san mai karanta namu, muna ganinta a gidan biki da littafin a cikin jaka. Su kuwa masana junansu suke karantawa, junansu suke ƙirgawa.

Kafin in faɗi abin da ke raina, bari in tuna wa mai karatu yadda abin ya faru, musamman yaran da ba su yi wayo ba a lokacin. A 1988 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙuduri aniyar kawar da shan inna daga bayan ƙasa, lokacin da cutar ke naƙasa yara kimanin 350,000 a kowace shekara. Aiki na ta tafiya har 2003, sannan ya zo ya cije a nan Kano. Shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a, Dokta Datti Ahmad, ya ce yana zargin akwai sinadarin hana haihuwa a cikin maganin, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗigon, ba a dawo da shi ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an samo magani daga Indunusiya. Jaridun waje suka yi mana caa, kowa da irin sunan da yake kiranmu, mafi sauƙi a ciki shi ne jahilai.

Abin da Renne ta yi daban shi ne ta je ta tambaya. Da ta tambaya kuwa sai ta ji ba magana ɗaya ce a bakin mutane ba. Akwai masu tsoron hana haihuwar, gaskiya ne. Amma akwai masu cewa: ƙyanda na kashe mana 'ya'ya, zazzaɓin cizon sauro na kashe mana 'ya'ya, in mun je asibiti sai mun sayi kati mun sayi magani, wani lokacin ma babu maganin, to don me wannan guda ɗaya ake bin mu da shi gida gida kyauta, har da rarrashi? Akwai kuma waɗanda ba su manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana, gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka shanye. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya yi ɓarnar, amma dai a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Har Gana matar nan ta je, arewa maso gabashin ƙasar inda akwai Musulmi da yawa, ta ga ana karɓar ɗigon ba tare da irin wannan turjiya ba. Ke nan ba a addini matsalar take ba, tana ga yadda talaka ya ɗauki gwamnatinsa da yadda gwamnatin ta ɗauke shi.

Kada wani ya ce ina wanke abin da aka yi. Ba na wankewa. Maganin nan lafiyarsa ƙalau, yaran da aka ɗiga wa a wancan lokacin ga su nan sun yi aure suna ta haihuwa, muna zuwa sunan 'ya'yansu. Wata goma sha wani abu da aka yi ba a ɗiga ba, da shakkun da ya biyo baya na tsawon shekaru, ƙafafun yara aka biya da su. A 2006 kaɗai an tabbatar da yara 1,122 da cutar ta kama a Najeriya, mafi yawansu a nan Arewa, kuma daga nan ta tsallaka ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiyar da muka je sayen magani. Fahimtar dalilin mutum daban, ba shi gaskiya daban. Renne fahimta ta nema, kuma fahimtar ce ta yi rana.

Domin kuwa an sauya salo. Daga 2006 masu ɗigo suka fara zuwa da wasu alluran da maganin tsutsar ciki da gidan sauro da sabulu, don kada a ce abu ɗaya kawai aka sani. A 2009 sarakunan Arewa suka shigo ciki a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Ba zan ce littafin mutum ɗaya ne ya jawo wannan ba, in na faɗi haka na yi ƙarya. Akwai 'yar ƙasa, Maryam Yahya, da ta buga nata binciken a 2007 a mujallar African Affairs, akwai Ayodele Jegede na Jami'ar Ibadan a wannan shekarar, sannan akwai matan da suka riƙa bin lungu lungu da 'yar kular magani a hannu, waɗanda aka harbe tara daga cikin irinsu a nan Kano a watan Fabrairu na 2013, Allah Ya jiƙansu. Amma dai abin da masu binciken nan suka nuna, cewa a saurari mutane kafin a buɗe bakin 'ya'yansu, shi ne hanyar da aka koma bi. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano a Sumaila yake, a watan Yuli na 2014. Ta sake ɓulla a Borno a 2016, sannan ranar 25 ga Agusta 2020 aka ba da shaidar cewa Afirka ta rabu da ita. Ɗigon da kuka ga an ci gaba da yi bayan nan, saboda wani nau'in ne da ke yaɗuwa a inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba, don haka kada wadda ta rufe ƙofa.

To nan ne fa nake son mai karatu ya gyara zama. Littafin nan yana da babi na biyar, wanda ya yi magana a kan naƙasa da bara. Ni a wurina shi ne zuciyar littafin, kuma a iya lurata shi ne wanda aka fi tsallakewa. Duniya ta ɗauki ɓangaren da zai taimaka mata ta sa ɗigo a bakin yaro mai lafiya, ta bar ɓangaren da ke tambayar makomar yaron da ƙafarsa ta riga ta shanye.

A wannan babin Renne ta saurari guragun da kansu, ta duba yadda Bahaushe ya tsara musu zama tun da can. Sunan cutar ma labari ne: an ce Inna ce, aljanar nan ta 'yan bori, take shanye ƙafar yaro, shi ya sa iyaye kan fara da hayaƙi da rubutu kafin su tuna da asibiti. Sannan Bahaushe bai ɓoye gurgunsa a ƙuryar ɗaki ba. Ya yi masa sarauta, akwai Sarkin Guragu kamar yadda ake da Sarkin Makafi da Sarkin Kutare, kuma duk ɗan cikin gari ya san Unguwar Makafi a Dala. Ya ba shi aure, ya ba shi sahu a masallaci, ya kuma ware masa hanyar abinci, wato sadaka, inda mai bayarwa ke neman lada, mai karɓa ke neman tuwo. Wannan tsari ya rufa wa mutane da yawa asiri, ba na musu. Amma tsari ne da ke yanke wa yaro hukunci tun yana rarrafe: tunda ka zama gurgu, to ga kwanonka. Renne ta nuna yadda wasu guragun suka ƙi wannan kwano, suka nemi karatu da sana'a, suka kafa ƙungiyoyi. Mu ma a nan mun gani da idonmu. Ƙungiyar waɗanda shan inna ta naƙasa ta Kano, wadda aka san Aminu Ahmad Tudun Wada da jagorancinta, ta yi suna da walda da ƙera keken guragu. Misbahu Lawan Didi kuwa shi ya ƙago ƙwallon guragu a 1988, wadda ake bugawa da hannu a kan 'yan katakai masu taya.

Idan ka bi labarin gurgun da ya yi karatu ko ya koyi sana'a, kusan kullum za ka tarar da mutum ɗaya a bayansa wanda ya ƙi gajiya, yawanci uwa, wani lokacin kaka ko yayarsa mace. Ita ce ba a ƙirgawa a ko'ina. A lungunmu akwai wata baiwar Allah da ɗanta ya kwanta da zazzaɓi a 2005 yana ɗan shekara biyu, ya tashi ƙafafu biyu sun saki. Goya shi ta riƙa yi har ya kai shekara goma sha ɗaya, ƙafafunsa na reto har gwiwarta. Ranar gashin ƙashi sai ta fito tun asuba, ta goya shi zuwa bakin titi domin ba abin hawan da ke shiga lungun. Wani ɗan siyasa ya taɓa raba kekuna gab da zaɓe, aka ba su ɗaya, har da ɗaukar hoto. Keken bai iya haye dokin ƙofar zaure ba, bai iya tsallake kwatar da ta raba lungun biyu ba, in ya haɗu da mai kurar ruwa kuwa dole ɗaya ya koma da baya. A ƙarshe shanya ake yi a kansa. Makaranta ma ba darasi ne ya kore shi ba, don yaron akwai kai. Ban ɗaki ne. Masai na tsuguno, ƙasa jiƙe, shi kuma da hannu yake tafiya. Sai ya daina cin abinci da safe don kada ya buƙaci zagayawa, daga nan ya daina zuwa gaba ɗaya yana aji huɗu. Ƙanwarsa da ke rakiyarsa ita ma karatunta ya tsaya tare da nasa, ta koma talla. A gefe guda dangin miji na cewa daga wajen uwar aka kwaso abin. Wata rana na ce mata, "Maman yara, bayan nan naki fa? Ki riƙa hutawa." Sai ta ce, "Yaya, wallahi ba nauyinsa ne ke hana ni barci ba, ranar da ba na nan nake tunani." Yau yaron ya haura shekara ashirin, yana gyaran waya, kuma shi ke sayen maganin ciwon bayan uwarsa.

Ku lissafa gida nawa ne irin wannan daga Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Kabuga. Likitoci sun ce a cikin yara 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, ɗaya ne ke shanyewa har abada, amma wannan ɗayan gida guda yake ɗaurewa. Kuma maganar ba ta ƙare ba, don an tabbatar da cewa bayan shekara 15 zuwa 40 da kamuwa, kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka tsira sukan sami wani sabon rauni da ciwon gaɓoɓi da saurin gajiya. Wato yaran 2004 da 2006 yanzu ne suka shiga shekarun da abin zai iya dawo musu, a daidai lokacin da iyayen da suka goya su ke tsufa. Ga kuma sauran yaran da ba shan inna ce ta taɓa su ba: wanda doguwar naƙuda ta yi wa lahani a ƙwaƙwalwa, wanda shawara ta kama yana jariri, wanda sanƙarau ya kurumtar. Su ba a taɓa yi musu gangami ba, ba a bin su gida gida.

Me hukuma ta yi? A ƙarshen 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa dokar hana bara a titunan Kano. Ni ba mai son bara ba ce, amma wanda ya karanta babi na biyar ɗin nan zai gane cewa bara ba ɗabi'a ce kurum ba, ginshiƙi ce da aka jingina rayuwar mutane a kai shekara da shekaru, in za ka zare ta sai ka fara kafa wata. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Mai karatu ya leƙa firamaren unguwarsu ya ba kansa amsa. Muna da Asibitin Ƙashi na Dala, muna da makarantar Tudun Maliki ta kurame da makafi, amma tsakanin waɗannan wurare da tsakar gidan da ke cikin lungu akwai tafiyar da uwa kaɗai ke yin ta.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Za a ce mai bincike ba kansila ba ce, ba aikinta ba ne cike kwata ko gina ban ɗaki. Ta zo, ta tambaya, ta rubuta gaskiyar abin da ta ji, ta mutunta mu a lokacin da ake zaginmu. Haka ne, kuma ba ita nake tuhuma ba. Ma'aunin nake tuhuma, wanda zai ce aiki ya yi tasiri alhali mutanen da aka yi aikin a kansu ba su taɓa jin ko sunansa ba. Kuma ba dole ba ne bincike ya tsaya a can sama. Wata 'yar ƙanwata mai aikin gashin ƙashi ta ba ni labarin wani likitan yara a Kanada, Peter Rosenbaum, wanda suka kafa cibiyar CanChild a Jami'ar McMaster a 1989. Bayan shekaru suna bincike a kan yara masu naƙasa da iyalansu, shi da abokin aikinsa Jan Willem Gorter suka tattara abin cikin kalmomi shida da kowace uwa za ta riƙe: abin da yaro ke iya yi, iyalinsa, ƙarfin jikinsa, wasansa, abokansa, da gobensa. Manufar ita ce a daina kallon ƙafar kaɗai, a kalli yaron da gidan da yake ciki. Iyaye suka karɓe abin, aka fassara shi zuwa harsuna da dama, ana manna shi a bango. To wannan ai shi ne a dafa a kuma sauke.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, hanyar fassarar nan a buɗe take, sai dai gefe ɗaya take tafiya. Littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, ya fito a 1990, a 2012 Aliyu Kamal ya mai da shi Turanci aka buga a Indiya, Turawa suka karanta suka yi ta rubutu a kansa. Madalla. Amma ni dai duk yawona a Kasuwar Kurmi da shagunan littattafai na Bata, ban taɓa cin karo da binciken da aka yi a kan guragunmu cikin Hausa ba. Namu na tafiya can, nasu ba ya dawowa nan, alhali daga bakin matanmu aka ɗebo shi.

Su kuma marubutan ƙagaggun labarai ba za su tsira ba. Ka ɗauki littattafai ɗari daga kasuwa, ko daga waɗanda ake turawa ta WhatsApp yanzu, ka duba inda gurgu ya fito. Ko dai almajiri ne da jaruma ta miƙa wa sadaka daga tagar mota don a nuna tana da kirki, ko kuwa muguwar kishiya ce da ta yi haɗari a babin ƙarshe ta koma kan keke, wai alhaki ya kama ta. Ka ga an mai da naƙasa bulala. Uwar da ke karanta wannan da gurgun ɗanta a gefe, me aka gaya mata? An gaya mata abin da dangin mijinta ke faɗa ne, sai dai wannan karon a rubuce. Alhali in labari ake nema, ga shi nan a ƙofar gida: yarinyar da ta bar aji don ta goya wanta, saurayin da ke zuwa zance a kan babur mai ƙafa uku, uban da ya ƙi a ɗiga wa ɗansa magani a 2004 kuma kullum yana kallon sakamakon a tsakar gidansa.

Babi na biyar ɗin nan bai fi a fassara shi cikin wata guda ba, kuma in aka buga shi ba zai kai kaurin kashi na ɗaya na littattafanmu ba. Jami'ar Bayero na da sashen harsunan Najeriya cike da masu digirin fassara, ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano na da waɗanda suka san yadda ake sa magana ta shiga kunnen mata, gidajen rediyonmu kuma sun saba karanta littafi kashi kashi da hantsi, lokacin da matan aure ke aikin gida. Sai a haɗa da ƙungiyoyin guragun su duba, su ce nan ta faɗi daidai, nan kuma abin ya sauya tun 2010, don shekarun da suka wuce ba kaɗan ba ne, kuma Zariya ba Kano ba ce. Izinin fassara kuwa wasiƙa ce za a rubuta wa maɗaba'ar Jami'ar Indiyana, adireshinsu na nan a shafi na biyu na littafin, ɗan yayana ya nuna mini.